Jinjina Ga Waɗanda Suka Sa Rigar Boston Da Ta Yankees

A wasan besbol na Amurka, gabar Boston Red Sox da New York Yankees ta yi tsamin da sai mai ƙarfin hali ke sa rigar duka biyun. Babe Ruth ne jagaba: Boston ta sayar da shi ga Yankees a ƙarshen 1919, ba ta sake ɗaga kofin World Series ba sai 2004. Johnny Damon na cikin waɗanda suka share mata hawaye, amma ya aske gemu ya koma Yankees a ƙarshen 2005. 'Yan Boston suka yi masa ihu, ko a jikinsa, ya sake cin kofin a 2009. Wade Boggs kuwa sai da ya bar Boston ya koma New York ya samu nasa, a 1996, har ya haye dokin 'yan sanda don murna.