Yaron da Ke Yi wa Kwamfuta Tambaya

Kwamfutar cinya ta hannu, irin wadda ake sarowa a Kano a kawo Azare, daga can ta iso Dambam, takan zo da ciwonta a ɓoye. Batir ya gaji, madannai biyu sun mutu, sau da yawa kuma katin wayales da ke cikinta ya daina gani. Maganin wannan na ƙarshe ba shi da tsada. 'Yar adafta ce da ba ta kai babban yatsa ba, a soka ta a ramin USB, ta kamo Wi-Fi daga wayar mai ita ko daga rawutar shago. In ta kama, shi ke nan. In ta ƙi, a nan ake gane wanda ya iya.

A wani shagon buga takardu da cike fom a Dambam na ga wanda ya iya. Saurayi ne, da ƙyar in ya kai shekara 25. Ina zaune ina jiran takarduna sai ga wani malamin makaranta ya shigo da kwamfuta a hammata da adafta a aljihu. Ɗansa da ke karatu a jami'ar jiha ta Gaɗau ne ya sa masa Linux Mint a cikinta, don ta tsufa, ba ta ɗaukar Windows 11, ga shi Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Malam ya sayi adaftar a Azare, ya soka, shiru. Ya riga ya yanke shawara gobe da sassafe zai hau mota ya mayar wa mai ita.

"Malam, kada ka hau mota tukuna," in ji saurayin. "Bari mu tambaye ta."

Ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni a ciki, wanda mutane da yawa ke gudu kamar sun ga maciji. Ya rubuta kalma ɗaya, lsusb. Layuka suka zubo, kowane layi na'ura ce da ke maƙale a ramukan USB. Ya ɗora yatsa a kan ɗaya ya ce ga ta nan, 148f:7601.

Lambar nan ita ce asalin adafta. Sunan da ke jikin kwali na kamfanin da ya yi mata riga ne kawai. Wanda ke aikin shi ne ɗan aisin da ke ciki, kuma kamfanoni kaɗan ne ke ƙera shi. Sau da yawa rabin farko na lambar yana faɗin gidan da ya fito: 0bda na Realtek ne, 0cf3 na Atheros, 148f na Ralink, wanda MediaTek ya saye a 2011. Rabi na biyu kuma ya faɗi irinsa. Masu wannan aiki duk sun san labarin TL-WN722N ta TP-Link: fitowar farko da aisin Atheros AR9271 ta zo, fitowa ta biyu da ta uku kuma da na Realtek. Suna ɗaya, kama ɗaya, amma direban da ke tuƙa wannan ba ya tuƙa waccan. Wanda ya tsaya a kan kwali zai kwana yana sauko da direban da ba nata ba, yana ƙona data. Saurayin bai ko kalli kwalin ba.

Tambaya ta biyu ita ce dmesg. Wannan kundi ne da zuciyar Linux ke rubuta duk abin da ya same ta tun daga kunnawa. Ya zare adaftar, ya mayar, ya karanta layukan ƙarshe: an ga sabuwar na'ura, an ba ta direba, an ɗura mata ɗan shirin da take bukata kafin ta farka. Ya ce yawancin adaftocin da ake kawo masa a nan suke tsayawa, ko dai babu direba ko babu ɗan shirin. Sai mutum ya shiga tsaka mai wuya: yana bukatar intanet don ya sauko da abin da zai ba shi intanet. Dabararsa ita ce ya jona waya da kebul, ya ara wa kwamfutar datar wayar na minti biyar. Ta Malam ba ta bukaci haka ba. Lafiyarta ƙalau har zuwa nan. Da ya rubuta iw dev, sai ga ta da sunanta, dogon suna mai farawa da wlx, biye da lambarta ta haihuwa wadda babu wata adaftar da ke da irinta.

To, an gan ta, an ba ta direba, an raɗa mata suna. Me ya hana ta magana?

Ya rubuta rfkill list, ya ɗan yi murmushi, ya juyo da allon wajen Malam. Rediyo biyu ne a jere. Na adaftar a buɗe yake. Na tsohon katin ciki kuwa an rubuta masa cewa a kulle yake da makullin jiki. A gefen irin waɗannan tsofaffin kwamfutoci akwai ɗan maɓalli na kashe wayales, na Malam kuma ya karye a wajen kashewa. NetworkManager, manhajar da ke kula da haɗi a yawancin Linux, in ta ga an kulle wayales da makullin jiki, takan ɗauka mai kwamfutar ne ba ya son wayales gaba ɗaya, sai ta yi shiru da kowa har baƙuwar da aka soka. Laifin wani ya shafi wani.

Wannan wurin ne ya fi burge ni. A allon hotuna, abin da Malam ke gani ɗan zane ne mai toka-toka da ke cewa babu Wi-Fi. Zanen nan ɗaya ne ko adafta ta ƙone, ko rami ya lalace, ko direba ya ɓace, ko maɓalli ya karye. Ciwo huɗu, kuka ɗaya. Da zato kawai, da Malam ya biya kuɗin mota zuwa Azare, ya yi musu da mai shago a kan kayan da ba su da laifi, ya karɓo wata, ita ma ta yi shiru. Saurayin ya bi abin daki-daki ne daga ƙasa zuwa sama, kamar yadda makaniken kirki ke duba mai da fulogi kafin ya ce a sauke inji. Ba ya wucewa gaba sai tambayar baya ta ba shi amsa.

Gyaran bai kai minti biyu ba. Da modprobe -r ya sauke direban da ke kawo rahoton kullen, sannan ya rubuta sunansa a wani ɗan fayil a /etc/modprobe.d don kada ya sake tashi in an kunna kwamfutar. Ya rubuta nmcli device wifi list, sai ga sunaye sun jeru: rawutar shagon, wayar mai cajin waya na gefe, da wayar Malam ɗin kansa. Layi ɗaya ya ƙara, mai ɗauke da sunan wayar da kalmar sirrinta, allo ya amsa cewa an haɗu.

"Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka," in ji Malam.

"Amin, Malam. Saura kaɗan."

Sauran shi ne ƙarfin kamu. Sandunan nan huɗu da muke gani a kusurwar allo ƙiyasi ne kawai. Umarnin iw yana faɗin ƙarfin da lamba, kuma lambar tana da alamar ragi a gabanta: -50 kamu ne mai kyau, -70 ana lallaɓawa, -80 kuwa wahala ce. Ya sa Malam ya fita da wayar bayan shago, muna kallon lambar tana sauka da kowane taku, ta faɗi warwas da ya zagaya bayan bango. Ya yi bayanin cewa irin wannan adafta a zangon 2.4 kaɗai take ji, don haka in wayar Malam ta koma zangon 5, ko sunanta ba za a gani ba. Ya ba shi shawarar ya nemi kebul ɗin ƙari na USB, ya rataye adaftar kusa da taga, nesa da jikin kwamfutar. Adaftar da ake iya ɗagawa sama ta fi katin ciki ta wannan fuskar. Ya kuma kashe mata tsimin wuta, wanda kan sa wasu adaftoci su yi gyangyaɗi a tsakiyar aiki. Duk wanda ya taɓa cike fom ɗin ɗalibi har shafin ƙarshe sannan haɗi ya yanke ya san darajar wannan.

Kayan aikin nan duk kyauta ne. Linus Torvalds ya fara Linux yana ɗalibi a Helsinki a 1991. Wpa_supplicant, wadda ke musayar kalmar sirri da rawuta a bayan fage, wani ɗan ƙasarsu Finland ne, Jouni Malinen, ya rubuta ta, kuma ita ce a cikin wayoyin Android da ke aljihunmu. Mai Windows ma ba a bar shi a baya ba, yana da netsh wlan, wanda ke nuna masa adaftocinsa da abin da suke ji. Saurayin ya ce shi bai koya a aji ba. Kwamfutarsa ce ta ƙi, babu mai gyara kusa, ya yi ta karatu a waya da dare har ya gane.

Akwai wani amfanin da sai mutumin karkara zai gane shi sosai. Umarni rubutu ne, rubutu kuma ba ya da nauyi. Kwatanta wa mutum ta waya inda zai danna a allon hotuna aiki ne ja: duba sama, a'a, ɗaya gefen, me ka gani? Layin umarni kuwa ana tura shi a saƙo ɗaya, ko da sabis ɗin sanda ɗaya ne. Ya nuna mini yadda wani abokinsa a Jalam ya turo masa hoton amsar lsusb, wani kuma daga Dagauda na dmesg, ya duba ya mayar musu da abin da za su rubuta. Babu wanda ya hau mashin.

Kafin Malam ya tashi, saurayin ya yagi takarda ya rubuta layuka uku da biro, ya liƙa a ƙasan madannai da salatif.

"In ta sake yin shiru, Malam, ka rubuta na farko, ka karanto mini abin da ta ce."

Malam ya gyara tabarau, ya gwada da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi. Layuka suka zubo, ya sa yatsa a kan 148f:7601 ya ce ga ta nan.