Masu Sauke Kan Mota da Masu Ɗaga Bayanta

A Turai da Amurka akwai masu son tsohuwar Kombi ta Volkswagen, wadda aka fara ƙerawa a 1950, kamfanin Westfalia kuma ya riƙa sa mata gado da murhu domin masu yawon shaƙatawa. Ita ce 'yan Legas suka fara kira danfo. Babban burin wasu daga cikin masoyan nata na Turai da Amurka shi ne su sauke kanta har ya kusa lasar kwalta.

Aikin ba na wasa ba ne. Gaban Kombi ba shi da sifirin mai naɗi. Bututu biyu ne a gicciye, cikin kowanne an jera siraran ƙarafa waɗanda ke murɗewa idan taya ta hau tudu. Bakanike zai yanka tsakiyar bututun, ya yi waldar maɗauri mai haƙora, ya juya ƙarafan zuwa inda yake so, ya ɗaure. Mota ta yi kyau a ido, amma tazarar da taya ke wasa a ciki ta ragu. Direban Kombi kuwa a kan tayar gaba yake zaune, duk ramin da aka faɗa sai ƙugunsa ya shaida.

Kawo wannan motar Gwandu da damina, ka ce ta shiga ƙauye ɗaukar kaya, dariya za a yi maka. A nan abin da direba ke roƙon bakanike shi ne a ɗaga. Buhunan shinkafa daga fadama, albasar Gwandu da Aliero, fasinjan da ake cusawa a Kalgo mai zuwa Bunza ko Jega, su ne ke yanke hukuncin tsayin mota. Sai a ƙara falle ɗaya ko biyu a sifirin bayan Hiace ko Canter ko tsohuwar a-kori-kura, ƙaramar mota kuma a cusa mata guntun roba a tsakanin naɗin sifirin. Ba kaya, za ka gan ta ta ɗaga baya tana tsalle a kan hanya. Lodi ne ke kwantar da ita.

Na fi ganin hujjar direbobinmu, domin su abinci suke nema, masu sauke Kombi kuwa ado suke yi. Sai dai hujjar ba ta wanke aikin gaba ɗaya ba. Ƙarin falle yana ɓoye nauyi ne kawai, ba ya rage shi. Da, idan baya ya zauna, yaron mota ya san lodi ya isa. Yanzu motar na tsaye ƙyam, sai a ƙara buhu. Kaya sun yi sama, kwana ta zama abin tsoro, gaba ya yi sakayau har sitiyari na yawo a hannu. Birki da taya kuwa suna nan yadda kamfani ya auna su, kuma ba kasafai mai mota ke tambayar kuɗin gyara su ba ranar da ya zo a ƙara masa sifirin.