Kiɗan Korona: Na Cutar Ne Ko Na Makaɗin?

A watan Maris na 2020, ana tsaka da kulle, Farfesa Markus Buehler na jami'ar MIT a Amurka ya saki wani kiɗa mai tsawon kusan awa biyu, ya ce daga jikin ƙwayar korona ya ciro shi. Furotin ɗin nan mai kama da ƙaya, wanda cutar ke maƙalewa da shi a jikin mutum, shi ya ɗauka. Sinadaran amino iri 20 ne ke gina furotin, sai ya ba kowane iri nasa sautin, kwamfuta ta bi jeri tana kaɗawa. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1986 masanin ƙwayoyin gado Susumu Ohno ya yi wa DNA irin wannan.

Mutane suka saurara suna ta mamaki, wai ga cuta mai kisa, ga sauti mai sanyaya zuciya. Nan ne nake da ja. Sanyin ba na cutar ba ne. Buehler ya ɗora yawancin kiɗan a kan koto, kayan kiɗan Japan mai tsirkiya, wanda ko me aka kaɗa da shi sai ya fito a natse. Kundin gadon ƙwayar kuwa haruffa huɗu ne kacal, A, C, G da U, suna ta maimaituwa har kusan 30,000. Babu kari a ciki, babu saurin bugu, babu inda aka rubuta kayan kiɗa. Duk wannan zaɓin ɗan Adam ne. Da algaita da kalangu aka ba aikin, da yanzu ana cewa korona masifaffiya ce har a murya.

Ba na raina kunne. Yana kama maimaici da ido kan tsallake, kuma Wanda Díaz-Merced, makauniyar masaniyar taurari 'yar Puerto Rico, da sauti take nazarin bayananta. Amma ita aiki take yi da shi, ba nishaɗi ba. Shi kuwa nau'in korona na Omicron, da aka gano a Botswana da Afirka ta Kudu a Nuwamba 2021, ta hanyar kwatanta jerin haruffa aka gane shi, ba wanda ya sa abin ji a kunne.

Don haka masu wannan salo su ci gaba, fasaha ce, kuma tana jawo hankalin yara zuwa kimiyya. Roƙona kawai su daina cewa muryar cuta muke ji. Su sa sunansu a kai, su faɗa mana abin da suka zaɓa da dalilin zaɓin.