Waƙa Mai Sanyi a Hannun Makaɗa Masu Zafi

Juya waƙa, wato mawaƙi ya ɗauki karin waƙar wani ya sake mata kiɗa ko baituka, al'ada ce da ake samu duk inda ake kiɗa. Mafi wuyarta shi ne a ɗauko waƙa mai sanyi, wadda aka tsara don murya ɗaya da kiɗa mai taushi, a damƙa ta ga masu ganguna da jita. Sau da yawa waƙar kan mutu a hannunsu. Jefi-jefi kuma takan samu sabon gida, har a manta inda ta fito.

Masu kallon ƙwallo sun san misali guda, ko da ba su san tarihinsa ba. Taken ƙungiyar Liverpool, You'll Never Walk Alone, asalinsa waƙa ce a cikin wani wasan dandali mai suna Carousel, wanda Rodgers da Hammerstein suka tsara, aka fara nuna shi a Amurka a 1945. A cikin wasan, ana rera ta ne don rarrashin matar da mijinta ya rasu. A 1963 wasu samarin makaɗa na garin Liverpool, Gerry and the Pacemakers, suka ɗora ta a kan ganga da fiyano, ta zama ta ɗaya a jerin waƙoƙin da ake yayi a Ingila, 'yan kallo suka kwashe ta zuwa filin Anfield. Waƙar ta'aziyyar mutum ɗaya ta koma ta dubban maƙogwaro.

A Kano, waƙoƙi masu sanyi sun shigo ne ta finafinan Indiya, waɗanda 'yan kasuwa 'yan Lebanon suka riƙa nunawa a gidajen silima tun wajen shekarun 1950 da 1960. Daga Palace da Plaza har zuwa Marhaba da ke Farm Centre a Tarauni, an yi shekaru ana fitowa daga kallo da muryar Lata Mangeshkar ko ta Mohammed Rafi a kunne, ba a san ma'anar kalma ko ɗaya ba. Kari kawai aka riƙe, shi kuwa kari ba ya buƙatar tafinta. Cikin waɗanda suka fara juya shi akwai Abdu Yaron Goge, wanda ya ɗauki karin wata waƙa ta fim ɗin Rani Rupmati ya goga ta da baitukan Hausa. Goge ya dace da aikin, domin yana iya jan sauti ya lanƙwasa shi kamar muryar mutum.

Juyi mafi ƙarfin hali shi ne na masu bandiri. Bandiri ganga ce mai faɗi, mai fuska ɗaya, ana riƙe ta da hannu guda a buga da ɗayan, kuma a Kano an fi saninta da zikirin Ƙadiriyya, musamman a zamanin Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996. Wasu sha'irai matasa, cikinsu har da ƙungiyar da ta kira kanta Ushaƙu Indiya, suka riƙa ɗauko karin waƙoƙin soyayya na Indiya suna zuba musu baitukan begen Annabi (SAW). A majalisi ko wurin maulidi, sha'iri kan fara a hankali, kusan yadda waƙar take a fim. Sai bandirai su shigo, 'yan amshi su karɓa, bugun ya riƙa ƙara sauri har jama'a su fara rausaya. Karin da aka yi don saurayi da budurwa a cikin lambu ya zama na taron maza sun yi sahu.

Wasu malamai sun soki abin, suna cewa duk wanda ya san fim ɗin, rawar jarumar ce za ta faɗo masa a rai yana tsaka da bege. Sukar tana da tushe, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Amma ta fuskar fasaha, masu bandirin sun yi abin da ake nema ga mai juya waƙa: sun sauya mata aiki. Ba ƙara kawai suka ƙara mata ba. Sun lura cewa begen masoyi da ke cikin karin zai iya ɗaukar wani bege da ya fi shi girma, suka kuma bar wa muryar sha'iri filin da za ta ja baiti kafin amshi ya rufe.

Wannan filin ne ya fara ɓacewa da fiyanon Yamaha ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa daga ƙarshen shekarun 1990. A sitidiyoyin da suka jeru a titin Gidan Zoo, daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa ciki, an yi waƙoƙin nanaye masu daɗi da za su daɗe. An kuma yi wanki mai yawa: a ɗauko kari mai sanyi, a danna masa bugun da ke ajiye a cikin na'ura, a matse muryar da kwamfuta, a cike duk inda mai waƙar asali ya tsaya ya numfasa. Irin wannan ce ke tashi daga lasifikar a-daidaita-sahu a hanyar Hotoro, ta yi wata biyu ana yayinta, ta wuce. Kamar shayi ne da aka cika wa sukari, ana sha amma ba a jin ganyen. Laifin ba na fiyano ba ne. Bugun na'ura ba ya saurarar mawaƙi, alhali mai bandiri ko mai kalangu yana kallon bakinsa, ya sassauta inda ya sassauta.

A Nijar, masu jita sun bi wata hanya. Ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda kundinta Kaani ya fita duniya a 2013, takan ɗauko tsofaffin waƙoƙin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci ta zuba musu jita da ganguna masu gudu. Abin da ya sa nasu ke zama shi ne makaɗa ne masu rai, sun saba kwana suna kiɗa a gaban jama'a, kowa yana jin ɗan'uwansa. A Kano kuwa ƙungiyar makaɗa irin wannan ba ta yi ƙarfi ba, saboda tsadar kayan kiɗa da ƙarancin wuraren wasa da kuma kallon da ake yi wa sana'ar, shi ya sa mafi yawan juyin da ake yi yau aikin mutum ɗaya ne da kwamfutarsa.