Hoton Iyali a Ƙasar Hausa: Abin da Waya ta Gada da Abin da ta Zubar

Duk wanda ya buɗe tsohon albam na gidan Bahaushe zai tarar da hoto iri guda yana ta maimaita kansa. Maigida na zaune a tsakiya ya baza babbar riga, hannuwa bisa gwiwa. Manyan 'ya'ya na tsaye a baya, ƙanana an zube su a tabarma, kowa ya zuba wa kyamara ido, babu mai dariya. Yawanci ranar Sallah ce, ko suna, ko dawowar alhaji daga Makka. Matasan yau sukan kalli irin wannan su ce mutanen da ba su iya ɗaukar hoto ba, sun ƙame kawai. A ganina sun yi wa hoton gurguwar fahimta. Wannan tsayuwa tsari ce mai ƙa'ida, kuma masu ɗaukarta sun san abubuwan da mai waya mai tsada a yau bai sani ba.

Hoto a wancan zamani abu ne da ake yi wa shiri. Fim ɗaya hoto 24 ko 36 yake ɗauka, sai an kai wanki kafin a ga abin da ya fito, kuma kowane kati da kuɗinsa. Wanda ya biya ba ya son a kama shi yana hamma. Yana son a nuna shi yadda yake so jikokinsa su san shi, da kamala da sutura. Rashin murmushin ma daga nan ya samo asali, domin a tarbiyyarmu dattijo ba ya washe baki gaban baƙo, amarya kuwa kunya ce adonta. Mai hoto ya san haka, shi ya sa aikinsa ke farawa tun kafin ya taɓa kyamara: ya gyara zaman hula, ya ja hannun riga don aikin wuya ya fito, ya ɗaga haɓar yaro, ya san wa ya kamata ya zauna, wa zai tsaya.

Wanda ya kai wannan sana'a ƙololuwa a yankin Sahel shi ne Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948 ya rasu a 2001. Ba Bahaushe ba ne, amma ranar da ya yi fama da ita irin tamu ce, fatar mutanensa irin tamu, suturarsu ma dangin tamu ce. A tsakar gidansa yake aiki da hasken rana. Yakan rataya zane mai fure a bayan mutum, ya ara masa agogo ko rediyo ko babur, kuma galibi sau ɗaya yake latsawa saboda tsadar fim. Idan ka duba hotunansa za ka ga mace sanye da atamfa mai zane a gaban labule mai wani zanen, duk da haka fuskarta ce ke fara kama ido. Bayansa Malick Sidibé ya fitar da kyamara zuwa wuraren rawar matasa da bakin kogin Neja, har aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya a 2007. A Yamai kuma Philippe Koudjina, ɗan asalin Togo, ya yi irin wannan aiki a shekarun 1960 da 1970. A biranen Arewacin Najeriya ma sana'ar ta daɗe a hannun baƙi 'yan Kudu mazauna Sabon Gari kafin 'yan gida su rungume ta.

Babban ilimin waɗannan masu hoto na haske ne, kuma a nan ne hoton iyali na yau ya fi rauni. Ana saukowa daga Idi rana ta take, sai a jera iyali a tsakiyar fili a ɗauka. Ranar da ke bisa kai tana cika kwarmin ido da duhu, hula da ɗaurin ɗankwali su ƙara tasu inuwar a goshi. Sannan ga farar shadda. Kyamara tana auna hasken da ke gabanta ne gaba ɗaya, idan farin yadi ya cika hoton sai ta rage haske don kada yadin ya ƙone, fuska kuwa ta dushe har ba a gane mai ita. Masu hoton da sukan kai mutum inuwa mai faɗi, bakin zaure ko gindin darbejiya, su juya fuskarsa wajen da haske ke shigowa. Sukan fi son hantsi ko bayan la'asar. Hazon hunturu da kowa ke kuka da shi ma alheri ne gare su, don yana tausasa rana ya shafe inuwa mai kaifi. Duk wannan yana aiki a waya kamar yadda ya yi a kyamarar fim, ƙarin kawai shi ne mai waya zai iya taɓa fuskar mutum a kan gilashi don na'urar ta auna haske daga can. Filashi kuwa abokin gabar shadda ne. Ƙyallin da aka sha bugu don a samu shi ne zai dawo da hasken, rigar ta zama fari fat babu zare ko ɗaya.

Matsalar baƙar fata a hoto tana da tarihin da ya wuce kuskuren mai ɗauka. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton farar mace, da shi ake daidaita launi, kuma sai a shekarun 1990 aka fito da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Wata mai bincike a Kanada, Lorna Roth, ta nuna cewa koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fita da kyau a talla, yana cikin abin da ya sa aka gyara fim don ya iya rarrabe launuka masu duhu. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da Itel, ya ci kasuwar Afirka da dalilai da dama, ciki har da daidaita kyamararsa da fatarmu. Abin takaici, yanzu da na'urar ta koyi ganinmu, mu ne muke bin hoton da manhajar gyaran fuska muna kankare shi. Je ka duba hotunan biki a Instagram: amarya da ƙawayenta goma duk fuska ɗaya, fari ɗaya, babu tabo babu tsaga, kaka mai shekara tamanin an goge mata tamoji. Wannan ya fi rashin murmushin mutanen da muni nesa ba kusa ba, domin su aƙalla ana gane su.

Ba na cewa tsohuwar al'adar ba ta da giɓi. Tana da shi, babba ma. Hoton shiri ranar ado kawai ya sani. Bai shiga madafi ba, bai ga mai daka ba, bai ga yara a makarantar allo da safe ba. A gidajen da ake kulle, mata da yawa ba su taɓa zuwa gaban mai hoto ba, wasu dattawan kuma sun ƙi saboda saɓanin malamai kan halaccinsa. Shi ya sa a gidaje da dama hoton kaka guda ɗaya tak da ya rage shi ne na fasfon aikin Hajji, wanda ake kaiwa a faɗaɗa bayan rasuwarta har ya dishe. Wayar da ke hannun 'yar gida ita ce kyamarar farko da ta shiga cikin gida ba tare da sallama ba, kuma ita ce za ta iya cike wannan giɓi. Mai ɗaukar hoto Fati Abubakar ta gwada yadda ake yi a Maiduguri, inda ta bi 'yan kasuwa da 'yan makaranta da tsofaffi tana ɗaukar rayuwarsu ta kullum a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai gawa da baraguzai. Irin wannan hoto yana buƙatar abin da na situdiyo bai buƙata ba: a durƙusa daidai idon yaro, a jira har mutane su manta da kyamara, a duba bayan mutum kada bokiti ko igiyar shanya su fito masa daga ka. Yana kuma buƙatar izini. Hoton matar gida ba lulluɓi na albam ne, ba na shafin kowa ba.

Sai maganar ajiya, wadda ba a cika yinta ba. Katin da aka wanke a 1975 yana nan a ƙasan akwati, ya yi ja amma ana gani. Hotunan sunan bara kuwa sun tafi da wayar da aka sace ko ta faɗa ruwa. Waɗanda suka tsira ta WhatsApp ma an matse su, domin manhajar tana rage nauyin hoto in ba a tura shi a matsayin fayil ba, kuma sai an je bugawa babba ake ganin ɓarnar. Masu wankin hoto suna nan a kowane babban gari, kuma suna karɓa kai tsaye daga waya.