Sharhin Fim: "The Burma Boy" da Bashin Mazan Jiya

Duk ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja don tunawa da 'yan mazan jiya, a busa begila, a watse. Amma mutum nawa ne a cikinmu zai iya kawo sunan soja ɗaya tak da ya yi yaƙin Bama? Wannan tambayar ce ta dame ni bayan na kalli "The Burma Boy", fim ɗin gaskiya da ɗan jarida Barnaby Phillips ya shirya wa tashar Al Jazeera a 2011.

Tauraron fim ɗin dattijo ne, Isaac Fadoyebo, ɗan wani ƙauye kusa da Owo. Yana da shekara 16 ya shiga sojan Ingila, aka kai shi Bama a rukunin masu jinya. A watan Maris 1944 Japanawa suka yi masu kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan, harsashi ya farfasa masa ƙafa. Shi da wani ɗan Saliyo, David Kargbo, suka rage a daji suna jiran ajali. Sai wani talakan manomi Musulmi, Shuyiman, ya ɓoye su, ya ciyar da su wata da watanni, alhali ya san in aka kama shi kashinsa ya bushe.

Abin da ya burge ni shi ne yadda fim ɗin ya fahimci karramawa. Ba lambar yabo tsohon ke nema ba, burinsa a isar da godiyarsa. Phillips ya ɗauki wasiƙarsa har Bama, ya gano iyalan Shuyiman, wanda ya daɗe da rasuwa. Wallahi wannan fitowar kaɗai ta fi faretin shekara goma ratsa zuciya.

To amma akwai gyara. Mai gabatarwar ya cika fitowa. Wani lokacin sai ka ga kamar labarin tafiyar Baturen ne, ba na tsohon ba. Sannan 'yan Afirka kusan 100,000 ne suka yi wannan yaƙin, da yawansu 'yan Arewa, har Hausa ce harshen bariki. Fim ɗin bai tsaya kansu ba. A wannan fannin littafin Biyi Bandele, "Burma Boy" na 2007, ya fi shi, don jaruminsa Ali Banana yaro ne mai jin Hausa.

Sai dai laifin ba na Phillips ba ne shi kaɗai. Furodusoshinmu na Kano fa? Shekara da shekaru ana ta rawa da waƙa a lambu, ga labari irin wannan kwance a zaurukan kakanninmu. Fadoyebo ya rasu a 2012, an dai yi sa'a kyamara ta riske shi. Namu tsofaffin fa, wa ya ɗauki muryarsu?

A nemi fim ɗin a kalla, musamman masu rubuta mana labari.