Jinjina ga Masu Adana 'Yan Motocin Corgi

A 1966, shekarar da aka fara nuna shirin Batman a talabijin ɗin Amurka, kamfanin Corgi ya fito da 'yar motar Batmobile mai lamba 267 daga masana'antarsa ta Swansea a Wales. Zubin ƙarfe ce, tana harba 'yan rokoki ta baya, wuƙa na fitowa ta gaba. Yara suka yi ta gurzar ta a ƙasa har fenti ya ɗaye, rokokin suka ɓace.

Waɗanda suka rage da kyansu, masu adanawa ne suka cece su, kuma aikin sai mai haƙuri. Mutum zai ɗauki gilashin ƙara girma ya duba tayoyi, ya kifa motar ya leƙa ƙusoshinta ko an taɓa buɗe ta, ya rarrabe fentin asali da na gyara. Kwalin ma, wanda iyaye suka watsar tun ranar saye, yakan ɗaga farashi sosai. Masu adanawa suna kare motar daga rana da danshi, ba sa sake mata fenti don kwaɗayin sheƙi. Gwanin cikinsu, madalla da shi, yakan nuna wa mai saye tabon da bai gani ba, ko da kuɗin zai ragu.